LAYIN FIFIKO: YADDA KWAMFUTA KE FITAR DA WANDA YA FI BUKATA

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya yi ko da zango ɗaya a makarantar kwana ya san layi. Da asuba layin famfo, da hantsi layin koko, da rana layin ɗakin cin abinci, ran Asabar kuma layin aski. Dokar layi kuwa ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Ni ma da wannan doka na tashi, har na ɗauka babu wani adalci da ya wuce ta. Bari in faɗa muku abin da ya sa na sake tunani, domin shi ne ya kai ni ga ilmin da nake so in yi bayaninsa a nan.

A zangon farko na bana, lokacin da damina ke ja da baya sauro kuma ya yi yawa, aka ɗora ni a kan kula da layin ɗakin shan magani. Aikina shi ne in zauna a bakin ƙofa da littafi da biro, in rubuta sunan kowa bisa ga yadda ya zo, sa'an nan in riƙa kira ɗaya bayan ɗaya. A makonnin farko na sha fama da 'yan aji shida masu son tsallake layi, har na yi alkawari a raina cewa ko wane ne ba zai wuce na gabansa ba muddin ina wurin. Wata ranar Litinin mutane suka haura arba'in. Sai ga wani yaro ɗan aji ɗaya ya zo a makare, abokinsa na tallafe da shi, yana ta rawar ɗari alhali rana ta ɗaga. Abokin ya ce mini, "Don Allah Siniya, a bar shi ya shiga, tun jiya bai ci kome ba." Na ce layi layi ne, na rubuta shi na talatin da takwas. Ban kai ga kiran na goma sha biyar ba sai yaron ya yanke jiki ya faɗi. Motar makaranta ce ta kai shi babban asibiti a cikin gari, ya yi kwana biyar ana ƙara masa ruwa. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi.

Malamin asibiti bai doke ni ba, bai kuma kai ƙarata ba. Ya buɗe littafina ya nuna sunan farko ya ce, "Wannan me ke damunsa?" Na ce mura. Ya nuna na biyu, na ce ƙazwa. Ya rufe littafin ya miƙo mini, bai ƙara cewa uffan ba. Wallahi da bulala goma ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ran Alhamis na je taron ƙungiyar kwamfuta jikina a sanyaye. Malam yana koya mana harshen kwamfuta da ake kira Java, kuma ya ce kowa ya zaɓi wani aiki na cikin makaranta ya rubuta masa manhaja kafin ƙarshen zango. Na ce ni layin asibiti zan yi, na kuma kwashe labarin duka na gaya masa. Ya ce, "To, ai ka zo gidan. Abin da kake nema masana sun daɗe da sa masa suna." Wannan abu shi ne na fassara da layin fifiko.

Kafin in shiga cikinsa ya kamata mai karatu ya san cewa kwamfuta tana da hanyoyi dabam-dabam na ajiye abubuwan da ke jiran a yi aiki a kansu. Akwai layi irin namu na famfo, wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Akwai kuma irin tsibin faranti a kicin, wanda aka ɗora daga ƙarshe shi ake fara ɗauka. Layin fifiko ya saɓa wa duka biyun. A cikinsa kowane abu yana shigowa da lambar da ke nuna nauyin bukatarsa, kuma duk lokacin da aka ce a ba da ɗaya, wanda ya fi kowa nauyin bukata shi zai fito, ko da kuwa yanzu-yanzu ya shigo. Ba masu kwamfuta suka fara wannan tunani ba. A yaƙe-yaƙen Napoleon na Faransa an yi wani likitan soja mai suna Dominique Larrey, wanda ya shahara da fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da kula da muƙaminsa ba. Har yau a kan wannan ƙa'ida sashen gaggawa na asibitoci ke tafiya.

Ayyukan layin fifiko uku ne kacal. Ka saka abu a ciki. Ka leƙa ka ga wanda ke kan gaba ba tare da ka cire shi ba. Ka ciro wanda ke kan gaba. A Java sunayen waɗannan ayyuka su ne add da peek da poll, amma mu a ƙungiya saka da leƙa da ciro muke cewa.

To, ina batun tsarin abubuwa ya shigo? Akwai hanyar rubuta manhaja wadda mutum zai jera umarni daga sama har ƙasa, bayanai kuma suna zube a fili kowane sashe na manhajar yana iya taɓa su. Akwai kuma wata hanya wadda a cikinta ake kasa manhaja zuwa abubuwa, kowane abu yana riƙe da bayanansa da kuma ayyukan da ya iya yi. Wannan ta biyun ita nake kira tsarin abubuwa. Da farko ana ƙera mazubi, kamar dai wanda magina ke buga bulo da shi, sa'an nan a yi ta fitar da abubuwa daga cikinsa. Ni na ƙera mazubi na sa masa suna Majinyaci. Na ce duk majinyaci yana da suna, da aji, da lokacin da ya zo, da lambar tsananin ciwonsa. Duk ɗalibin da ya zo sai manhaja ta buga sabon bulo daga mazubin nan ta cika shi da bayanan wannan ɗalibi. Mazubi ɗaya, bulo arba'in.

Shi ma layin fifiko abu ne. Kyawunsa kuwa shi ne yana da rufin asiri. Ku dubi tagar kicin ɗinmu: kana miƙa faranti a ba ka tuwo, ba ruwanka da ko da itace aka dafa ko da gas, ba a kuma barinka ka shiga ka sa hannu cikin tukunya. Idan gobe aka sake murhu, kai dai tagar nan za ka zo. Haka layin fifiko yake. Ta tagogi ukun nan kaɗai ake hulɗa da shi, yadda ya jera kayansa a ciki kuwa sirrinsa ne. Amfanin haka biyu ne. Na farko, babu wani sashe na manhaja da zai kutsa ya ɓata jerin. Na biyu, in an sami dabarar da ta fi, sai a sake cikin ba tare da an taɓa sauran manhajar ba.

Wani abin sha'awa da Malam ya gaya mana shi ne, tun daga tushe tsarin abubuwa da layin fifiko tare suke. Mutum biyu 'yan ƙasar Nowe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su ne suka ƙirƙiro harshen Simula, wanda a 1967 ya zo da mazubi da abubuwa irin waɗanda na ambata. Sun yi shi ne don kwaikwayon yadda al'amura ke gudana a wurare irin su masana'anta ko tashar jirgi. A irin wannan kwaikwayo kowane al'amari yana da lokacin da zai auku, kuma kullum wanda lokacinsa ya fi kusa ake fara ɗauka. Wannan kuwa ai layin fifiko ne, sai dai a nan agogo ne ke ba da fifikon.

Yanzu bari mu leƙa cikin kicin, ko da yake na ce ba a shiga. Da Malam ya ce in gwada yin layin da kaina kafin in yi amfani da wanda Java ta tanada, dabara biyu suka zo mini. Ta farko, in zuba majinyata yadda suka zo, in an ce ciro sai in bi su kaf in nemo mai tsanani. Sakawa ba wuya, amma cirowa sai an duba kowa. Ta biyu, in riƙa jera su daidai tun daga mai tsanani har mai sauƙi. A nan cirowa ba wuya, amma duk wanda ya zo sai an nema masa gurbi, a kuma matsar da duk na bayansa. Ga mutum arba'in duka biyun sun isa, kwamfuta ba za ta ko ji a jikinta ba. Amma Malam ya ce, "In abubuwa miliyan ne fa, kuma ana sakawa ana cirowa sau dubbai a daƙiƙa guda?" Na yi shiru.

Dabarar da ta warware wannan, wani masani ɗan Birtaniya mai suna J. W. J. Williams ne ya buga ta a 1964. Turawa suna kiranta da kalmar da ke nufin tsibi, ni kuwa dala nake ce mata, don siffarta tana tuna mini da hotunan dalar gyaɗa da aka yi a Kano a da: ɗaya a ƙololuwa, ƙasa kuma sai faɗi take yi. A sahu na farko mutum ɗaya ne. A ƙarƙashinsa biyu. Kowane daga cikin biyun yana da biyu a ƙarƙashinsa, wato huɗu, sa'an nan takwas, haka dai har ƙasa. Doka ɗaya ce tak: kada na ƙasa ya fi wanda ke bisa kansa fifiko. Shi ke nan. Ba a ce na dama ya fi na hagu ba, ba a kuma ce a jera kowa daidai ba. Amma tun da kowa bai kai na samansa ba, tilas wanda ke ƙololuwa ya zama shi ne ya fi kowa.

Gani ya kori ji, saboda haka Malam ya sa muka jera kujeru bakwai a gaban aji: ɗaya, biyu, huɗu. Ya sa wa kujerun lamba daga 1 zuwa 7. Ya ɗauko mutum shida ya ba kowa kati, ya ce ƙaramar lamba ita ce mai fifiko, kamar yadda na ɗaya a aji ya fi na goma. Mai kati 2 ya zauna a kujera ta 1. Mai 4 da mai 3 suka zauna a ta 2 da ta 3. Mai 7 da mai 5 suka zauna ƙarƙashin mai 4, mai 8 kuma ƙarƙashin mai 3. Ku lura, mai 4 yana gaban mai 3 a lissafin kujeru, amma doka ba ta karye ba, don ba ɗaya ke bisa ɗaya ba.

Sai Malam ya ba ni kati mai lamba 1 ya ce in shigo. Sabon zuwa kullum a kujerar ƙarshe yake fara zama, saboda haka na zauna a ta 7. Na dubi wanda ke bisa kaina, mai 3. Na fi shi, muka yi musayar kujera. Na sake duban sama, mai 2. Na fi shi, muka sake musaya. Ga ni a ƙololuwa da taki biyu, mutum uku na ɓangaren hagu kuwa ko motsi ba su yi ba. Da aka ce ciro, sai na tashi na fita. Aka ɗauko na kujerar ƙarshe, wato mai 3, aka ɗora shi a ƙololuwa don kada a bar giɓi. Ya dubi biyun da ke ƙarƙashinsa, mai 4 da mai 2, ya yi musaya da wanda ya fi fifiko a cikinsu, wato mai 2. Ya sake duban ƙasa ya ga mai 8, ya ga ya fi shi, ya zauna abinsa. Dala ta koma daidai. A nan fa 'yan aji huɗu suka yi ta ihu wai a sake, har sai da Malam ya buga tebur.

Ga inda ribar take. Tun da kowane sahu ninkin na samansa ne, sahu goma suna ɗaukar mutum 1,023, sahu ashirin kuwa suna ɗaukar fiye da miliyan ɗaya. Mai hawa ba zai wuce taki ɗaya a kowane sahu ba. Ke nan a cikin abubuwa miliyan, sabon zuwa ba zai yi musayar da ta kai ashirin ba, mai gangarowa kuma, da yake yana duban biyu a kowane sahu, gwajinsa bai wuce arba'in ba. Ina arba'in, ina miliyan! Daɗin daɗawa, kwamfuta ba ta bukatar zana wata dala a ƙwaƙwalwarta. Jerin gurabe masu lamba ya wadatar. Wanda ke gurbi na 5, na ƙarƙashinsa suna gurbi na 10 da na 11, wato ninkin lambarsa da kuma ninkin da ƙarin ɗaya. Na samansa kuwa sai ya raba lambarsa biyu ya yar da ragowa, ya sami 2. Lissafin 'yan firamare ne, amma shi ke riƙe da ginin duka. A ganina hikimar Williams ita ce ya gane cewa ba a bukatar sanin na goma sha bakwai da na goma sha takwas a yanzu. Na gaba kawai ake nema, saboda haka bai ɓata ƙarfi wajen jera sauran ba.

Irin wannan dala ce ke cikin mazubin da Java ta tanada mai suna PriorityQueue, wanda aka ƙara mata a 2004. Python ma tana da nata, C++ ma haka. Sai dai akwai tambaya: lamba da lamba kwamfuta ta san wadda ta fi, amma majinyaci da majinyaci fa? Yaya za ta san ko da suna za ta gwada su ko da aji? A nan tsarin abubuwa ya sake nuna amfaninsa. Ana ƙera wani abu dabam wanda ba shi da aiki sai a kawo masa majinyata biyu ya faɗi wanda zai riga. Java tana kiransa Comparator, ni kuwa alƙali na sa masa. A lokacin da kake ƙirƙirar layin sai ka miƙa masa alƙalinsa. Dala ba ta san ciwo ba, ba ta san ɗalibi ba. Duk sa'ad da za a yi musayar kujera alƙali take tambaya. In ka sake alƙali, layin ya sake hali ke nan ba tare da ka taɓa dalar ba. Da mazubi ɗaya za ka iya yin layin asibiti, ka yi na littattafan laburare da kwanan mayar da su ya fi kusa.

Kada mai karatu ya zaci daga nan kome ya tafi sumul. Sau huɗu na yi tuntuɓe, kuma da yake rashin sani ya fi dare duhu, gara in faɗe su don na baya ya kauce.

Na farko abin dariya ne, amma da a asibiti na gaskiya ne da ba dariya. Na ba mai tsananin ciwo lamba 3, mai sauƙi lamba 1, ina ganin babban ciwo ai sai babbar lamba. Da na gwada sai ga masu mura suna fitowa a gaba, mai suma yana can ƙarshe. Ashe Java da Python ƙaramar lamba suke fara fitarwa in ba ka ce musu a'a ba, alhali C++ babbar take fara fitarwa. Na juya lambobin: 1 gaggawa, 2 matsakaici, 3 mai sauƙi.

Na biyu ya fi ba ni wahala. Na saka mutum biyar duk masu lamba 2, ina sa ran za su fito yadda suka shiga. Ina! Wanda ya zo na huɗu ya riga na biyu fita. Dalili kuwa, wajen hawa da gangara dala ba ta tuna wanda ya riga wani, kuma Java ba ta yi alkawarin kome ba game da waɗanda suka yi kunnen doki. Maganin abin yana wurin alƙali. Na koya masa cewa ya fara duba tsanani, in sun zo daidai sai ya duba lambar zuwa, wadda nake ba kowa a jere yana shigowa. Kun ga ke nan tsohuwar dokar famfo ba ta mutu ba, ta dai koma mataki na biyu ne.

Na uku, na sa manhajar ta nuna duk masu jira a fuskar kwamfuta, sai na ga jerin a hargitse, na ɗauka na lalata wani abu. Kwana biyu ina neman kuskure inda babu. Abin da na gani shi ne zaman kujeru, mai 4 a gaban mai 3, kamar yadda muka gani a aji. Layin fifiko na kan gaba kaɗai ya yi maka alkawari. In kana son ganin jerin duka daidai, sai ka kwafe shi ka jera kwafin. Haka kuma in ciwon wani ya tsananta yana cikin jira, ba ya yiwuwa ka sake lambarsa kawai yana zaune a kujerarsa, don dala ba za ta sani ba, doka kuma ta karye a ɓoye. Sai ka cire shi, ka gyara lambar, ka sake saka shi. Tun daga nan na rufe lambar tsanani a cikin mazubin Majinyaci yadda ba mai iya taɓa ta sai ta hanyar aiki guda da na tanada, wanda shi ke yin cirewar da sakawar.

Na huɗu ba ni na gano shi ba, abokina ne ɗan ɗakinmu, wanda ya daɗe yana fama da ƙazwa. Ya ce, "To ni yaushe za a duba ni? Kullum ai ba a rasa mai zazzaɓi." Na gwada da manhajar, na yi ta sako masu lamba 2 kowane minti biyar, sai ga mai lamba 3 yana zaune har aka tashi. Masana suna kiran wannan matsala da yunwa, wato na ƙasa ya yi ta jira ba ranar samu. Ya ce gara ma tsohon layi, ko ba kome ka san za a zo kanka. Gaskiyarsa kuwa. Malam ya ce yawanci ana maganinta ne da ƙara wa mutum fifiko gwargwadon daɗewarsa. Amma tun da sake lamba a cikin dala yana da wahala, sai muka yi wata dabara. Duk wanda ya shigo sai a lissafa masa wa'adi: mai lamba 2 lokacin zuwansa da ƙarin minti talatin, mai lamba 3 lokacin zuwansa da ƙarin awa biyu. Alƙali kuma ya fara ba da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Mai ƙazwa da ya zo ƙarfe takwas wa'adinsa ƙarfe goma ne, saboda haka zai riga mai zazzaɓin da ya zo goma saura kwata, wanda nasa wa'adin goma da kwata ne. Mai lamba 1 kaɗai muka keɓe: shi ba ya shiga wannan lissafi, yana zuwa yana gaban kowa. Waɗannan mintoci ni da Malam muka yanka su don gwaji, ba ƙa'idar likitoci ba ce.

Ba a asibiti kaɗai layin fifiko ke aiki ba. A 1956 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, yana zaune a wurin shan gahawa a birnin Amstadam, ya tsara hanyar gano tafarki mafi kusa tsakanin garuruwa biyu cikin kamar minti ashirin, ya kuma buga ta a 1959. A ce daga Kano za ka Sakkwato. Kwamfuta za ta fara da garuruwan da ke maƙwabtaka da Kano, kullum ta ɗauki wanda nisansa daga Kano ya fi ƙanƙanta cikin waɗanda ba ta gama da su ba, ta duba hanyoyin da suka fita daga gare shi, ta yi ta faɗaɗawa har ta isa. Wannan ɗaukar mafi kusa a kowane taki da layin fifiko ake yin ta a yau, kuma dabarun da manhajojin taswira na waya ke amfani da su daga wannan tushe suka tsiro. Ita kanta kwamfuta, da yake ayyuka da yawa ke neman ta a lokaci ɗaya, tana fifita wasu a kan wasu. Shi ya sa danna maɓalli ke samun amsa nan take ko da tana can tana kwafe wani babban fayil.

Da na gama manhajar na kai wa malamin asibiti a kwamfutar hannu ta Malam. Ya duba, ya sa na saka masa mutum goma na ƙarya, ya ga yadda suke fitowa, ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya ce, "Lambar nan ta ɗaya da biyu da uku, wa ke ba da ita?" Na ce wanda ke bakin ƙofa. Ya ce, "Wato kai." Na ce i. Ya ce, "To ran da ɗan aji shida ya riƙe ciki ya ce zai mutu fa?" Ban da amsa, don alƙalin da na ƙera lambar da aka ba shi kawai yake gani, ba ya ganin ido ko jin zafin jiki. Muka tsayar cewa shi zai riƙa fitowa da ma'aunin zafi ya zagaya layin kafin ya fara aiki, da kuma bayan kowane mutum goma, shi ne zai faɗi lambar, ni kuma in rubuta.

Har yanzu dai manhajar ba ta fara aiki a ɗakin shan magani ba, don babu kwamfuta a can, wuta ma sai an tayar da janareta da dare. Abin da muke yi shi ne benci uku a baranda, da kati ja da rawaya da kore waɗanda na yanka daga kwalin alli, da shafin wa'adi da na ƙara a littafina. Yaron nan ɗan aji ɗaya yanzu shi ke riƙe mini katunan ran Litinin, ya kuma shiga ƙungiyar kwamfuta ko da yake ƙafarsa ba ta kai ƙasa in ya hau kujera. Wanda ke so ya ga dala da idonsa ya zo ɗakin kwamfuta ran Alhamis bayan la'asar, ya zo da kujerarsa, don a wannan karo muna so mu yi sahu huɗu, mutum goma sha biyar muke nema.